Filin Baba a Kubwa

Jabiru mai walda maƙwabcina ne a unguwar Nuzla, a Jidda. Bango ɗaya ya raba mu, shi ma na katako, in ya yi atishawa ni ke amsa masa. Umarar sati biyu ya zo yi a 2001, har yau bai gama sallama da Ka'aba ba. Ba na yi masa dariya da yawa, don tawa umarar ta girmi tasa da shekara uku.

Ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafili mai tsaya masa. A wata warsha yake aiki a unguwar Sa'alaba, yana ƙera ƙofofin gidajen da ba zai taɓa shiga ba. Shekara ashirin da uku a Jidda, sau biyu ya ga teku, ɗaya ma ta tagar mota.

Abin alfaharinsa ɗaya ne. A 1998, da Fafaroma zai zo Abuja, ubangidansa Istifanus, ɗan Katolika mutumin Kafanchan, ya samu aikin ƙarafa a filin taron da ke Kubwa. Jabiru, yana saurayi, shi ya yi waldar shingen. Na ji labarin ya fi sau ɗari, kuma kowane ji shingen ƙara tsawo yake.

To ga inda gizo ya yi saƙa. Da Larabci, Fafaroma "al-Baba" ake ce masa. Wata rana Jabiru na ba wani Bayamale labarin da gurgun Larabcinsa: "Sahat al-Baba, fi Abuja, kabiiir!" Wato filin Fafaroma, a Abuja, ƙato. 'Yarsa Joud, haihuwar Jidda, shekararta shida, tana tsaye a gefe. Ta ruga ta shaida wa gidan kaf cewa Babanta na da fili a Abuja wanda ido ba ya ganin ƙarshensa.

Na ce, "Alhaji Jabiru, a yanka mini fuloti biyu ta bakin titi."

Ya ce, "Abdulghani, bar yarinya ta ji daɗinta. In ta girma za ta gane."

Ba ta gane ba, don ba wanda ya iya gaya mata. Shi kuma ya daina ba da labarin a gabanta.

A ɗaki ɗaya ta girma. Karatunta ya tsaya daidai inda aka fara tambayar takarda. Ba aiki, ba fita sai da faɗuwar gaba. Duk ranar da ƙunci ya ishe ta sai ta ce, "Baba, khalas, ya isa haka. Mu miƙa kanmu a mai da mu gida. Mu yi gini a filinka, ni in buɗe shagon ɗinki." Shi kuwa ya san wanda aka mayar ba ya dawowa, kuma ko inda zai shimfiɗa tabarma ba shi da shi a Najeriya. Sai ya ce, "In Allah ya yarda, bayan Hajji." Hajji goma sha uku suka wuce.

Bara ta tono lambar Istifanus a wayar uban, ta roƙe shi ya je ya nuna mata filin ta kiran bidiyo. Tsohon bai san dawan garin ba. Murna ma ya yi, ya ce dama ranar Lahadi 'yan cocinsu za su kai ziyara can don tunawa da zuwan Fafaroma.

Jabiru ya faɗo ɗakina. "Na shiga uku."

"Ka ce mata haya ka ba masu addu'a."

"In ɗora wata ƙaryar a kan wannan?"

"Ai ba kai ka yi ƙaryar ba, Larabci ne."

Bai yi dariya ba.

Lahadi bayan la'asar muka zauna, ni da shi da matarsa Indo da Joud, an jingina waya da butar shayi. Sai ga fili, ga jama'a, mata da anko suna waƙa, ga gicciye. Fuskar Istifanus ta cika wayar, furfura fal.

"Jabiru! Ɗan banza, kana raye? Ga aikinka nan. Ko tsatsa bai yi ba. To, ya yi kaɗan."

Ya bubbuga ƙarfen da makulli don mu ji. Jabiru ya matso har hancinsa na taɓa gilashin.

Joud ta kira shi kawu da Larabci, ta ce, "Ammi Istifanus, su waye waɗannan a filin Baba?"

"Ai masu shi ne, 'yata. Filin Fafaroma ke nan, babanmu na Roma."

Na ga leɓen Joud na motsi, "al-Baba," a hankali, sau biyu. Ta dubi uban, ta dubi uwar, ta dube ni.

Na zaci kuka za ta yi. Sai ta ɗauki wayar. "Ammi, juya mini wajen shiga."

Ya juya. Mutane na shiga, na fita, wata mai kunun aya na ciniki. Ta daɗe tana kallo.

"Ba askari mai tare mutane? Ba a tambayar kowa iƙama?"

"Wace iƙama? Wadda kuke yi kafin salla?"

Ta ajiye wayar. "Baba, ko filin ba naka ba ne, tafiya zan yi."

"Wajen wa?"

"Wajen da ba a tambaya."

Bai hana ta ba, da wane bakin? Indo ta ce ba za ta bar budurwa ta tafi ita kaɗai ba, tana da 'yar'uwa a Zariya. Cikin wata biyu suka samu takardar komawa. Ranar tafiya Joud ta tsaya da jakarta a tsakar gida.

"Baba, za ka biyo mu?"

"In na gama aikin da ke hannuna."

Wata bakwai ke nan. Jiya na biya ta warshar, na tarar ana sauke masa sabbin ƙarafa.