Ranar da Na Buga Tukunyar da Ba Tawa Ba

Ko na manta komai a rayuwata, ba zan manta da wata Talata a unguwar Changli ba. Mu shida ne a wurin: ni, da matar da ke da rumfar abincin, da ƙanwarta mai kula da wuta, da wata Bafulatana da ke kawo musu wagashi, wato cuku, sai direbobin keken haya na yalo-yalo biyu da ke zaune a benci. Duk suna raye, don haka ba zan kama sunan kowa ba.

Sama da shekara ashirin na yi ina riƙe da kicin ɗin wata makarantar kwana. Ban taɓa zama a aji ba, amma ko buhu nawa za a dafa, ido kawai nake sawa in faɗi ruwan da zai sha. Magajiya matan kicin ke kirana. Ba ni da yawan magana. In na ji ƙasan tukunya ya fara kamawa, sai in buga gefenta da muciya sau biyu, wadda ke kusa ta san ta janye itace. Wadda kuwa ta bari shinkafa ta yi ƙanzo, ita kaɗai za ta kankare shi, sauran na kallo. A lokacin tarbiyya nake kiran wannan.

Sai aka ba wani ɗan kwangila aikin ciyar da ɗalibai. Ya zo da mutanensa, aka sallame mu. Mijina ya daɗe da rasuwa, ni kaɗai ce a ɗakina a unguwar Gumbihini. 'Yata da ke aure a Kumasi ta sa ni gaba, wai in tattara in koma wurinta. Ni a gidan suruki, ina jiran a zubo mini? Na ce ta ba ni wata uku, in ban samu aiki ba zan zo.

Na ɗauka mai hannu irin nawa ba ya kwana biyu a zaune. Na fara da wani otal. Manajan ya karanta takardar da shugaban makaranta ya rubuta mini, ya miƙe tsaye, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi, ya raka ni har ƙofa yana cewa na fi ƙarfin wurinsu. Ban taɓa ganin kora mai ladabi irin wannan ba. Haka aka yi mini a wata ƙaramar makaranta. Wata mai gidan abinci ce kawai ta faɗa mini gaskiya, ta ce wa zai iya aikena ɗebo ruwa, kuma kafin sati zan karɓe mata kicin. Na fito ina cewa a raina hassada ce.

Saura kwana tara wa'adina ya cika na ji ana neman mai wanke-wanke a wata rumfar shinkafa da wake a Changli. Na bar takardar a gida, na cire 'yan kunnena, na ɗaura wani koɗaɗɗen zane. Ƙanwar mai rumfar na tarar, mace ce da ba ta kai 'yata a shekaru ba. Ta tambaye ni ko na taɓa aiki a wani wuri. Na dubi ƙasa na ce daga ƙauye nake, ban taɓa dafa wa kowa abinci ba sai mijina. Ni da na sha korar mata saboda ƙarya. Ta ce in gwada na yau, in yayarta ta dawo daga kasuwa ita za ta yanke.

Na durƙusa bayan rumfa ina wanke kwanuka, amma idona na kan murhu. Na ga ta zuba kanwa fiye da yadda zan zuba, na haɗiye. Na ga ta ɗanɗana miya da ludayin zubawa, na ƙara haɗiyewa. Can wajen hantsi hancina ya jiyo abin da ya fi sani: ƙasan babbar tukunya ya kama. Ita kuwa tana tsaye tana cinikin wagashi da Bafulatanar, har da dariya. Direbobin nan suna tsokanarta, ɗaya na cewa in ba a ba shi nasa yau ba zai kwashe tukunyar a kekensa.

Wallahi ban san lokacin da na tashi ba. Na ɗauki muciya na buga gefen tukunyar sau biyu, na janye itacen da kaina, na watsa wa garwashin ruwa. Na juyo na ce mata, a gaban kowa, "Ke ba ki da hanci ne? Wa ya koya miki girki?"

"Ni na koya mata, Magajiya. Ke kuma kika koya mini."

Mai rumfar ce a bayana, da kwandon tumatir a kai. Ta sauke shi, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Sai da na dube ta da kyau na gane ta. Shekara huɗu ta yi a ƙarƙashina, kuma ta kankare mini ƙanzo ba sau ɗaya ba. Ta ce tun daga bakin titi ta ji bugun, har ƙafarta ta yi sauri ba ta sani ba.

Ƙanwar ta dube ni daga zane har silifas. A hankali ta ce wa yayarta, ai wannan Mma daga ƙauye ta ce take, mijinta kaɗai ta taɓa dafa wa. Ɗaya direban ya ce to lallai mijin nan ya ci abinci. Ba wanda ya yi dariya sai Bafulatanar, ita ma ta rufe baki da mayafi.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Mai rumfar ta buɗe tukunyar, ta soka cokali har ƙasa, ta ce, tana durƙushe kamar mai neman gafara, "Magajiya, a nan da gangan muke bari ya kama. Ƙanzon nan shi waɗannan ke jira tun ɗazu." Ashe na kashe wutar kafin ƙanzon ya yi ƙarfi, na bar musu abu mai danƙo, ba shinkafa ba, ba ƙanzo ba. Direbobin suka tashi suka tafi wani wurin.

Ta ba ni kujerarta, ta zubo mini abinci da nama. Ban iya ci ba. Ta ce ita bakinta ba zai iya ce mini wanke wancan ba, kuma ƙanwarta ce ke wuni da wuta, sai abin da ta ce. Ƙanwar kuwa tana ta hura jiƙaƙƙen garwashi, hayaƙi na shiga idonta.

A ƙafa na koma Gumbihini, don kada wani ɗan yalo-yalo ya gane ni. A hanya na fahimci waɗanda suka ƙi ɗaukata ba iyawata suke tsoro ba. Sun hango abin da ni ban gani ba: na iya girki, amma ban iya zama a kicin ɗin wata ba. Wannan kuwa ba a ɓoye shi da tsohon zane.

Washegari bayan asuba na sa kayana na kirki na koma. Ƙanwar kaɗai ce, tana jera itace. Na durƙusa mata. Ta firgita, ta ce in tashi kada mutane su gani. Na ce jiya ma mutane sun gani. Na ba ta haƙuri kan ƙaryar, da kan abin da na faɗa mata, na ce in za ta yarda ta nuna mini yadda ake ƙanzo ya yi ja bai yi ɗaci ba, don ni ban iya ba.

Ta gama jera itacenta. Sannan ta turo mini faranti cike da wake.

"Tsince wannan tukuna, Mma. Kuma ki zauna can, nesa da murhu."

Na ɗauka na je na zauna.