Leshin Da Na Sa Aka Zare Daga Lefena

A shekarar da aka sa ranar aurena ina aiki a wani ofis a unguwar Kongo, ina zaune gaban iyayena a Tudun Wada, kuma duk wanda ya san ni ya san ina da kafiya. In na ƙwallafa rai a kan abu, babu mai samun sukuni a gidan sai an yi shi yadda na ce. Mama ta sha gaya min wannan hali zai ja min wata rana, ni kuwa ina ɗaukarsa tsari ne da wayewa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, na rubuto ne don abin ya daɗe yana cina, kuma ina ganin ƙannenmu sun kama hanyar da na bi.

Tun kafin a sa rana na zaɓi kalar bikina, ruwan albasa da ruwan gwal. Ankon ƙawaye, adon wurin dina, har jakar da za a zuba kayan rabo, komai na tsara shi a kan haka. Abin da ya rage kayan da za mu sa a hoton kafin aure, wanda za a buga a jikin kati da kalanda da kofuna. Shi ango nasa mai sauƙi ne, farar shadda da hula mai ratsin albasa. Ni ce mai neman leshi, kuma a nan wahalar ta soma. Na zaga kasuwar Tudun Wada rumfa rumfa, na hau keke zuwa Sabon Gari, wannan ya cika ja, wancan ruwan hoda ne, wani kuwa kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Wani ɗan kasuwa da ya gaji da sauke min kaya ya ce in yi haƙuri, ita kanta albasar kala-kala ce. Har Kano na je na dawo da ciwon kai, hannu babu komai. Mai hoto yana kira, mai buga kati yana jira, ni kuwa ina ta masifa da duk wanda ya ce in ɗauki mai kama da shi.

Angon nawa a hannun yayarsa ya tashi tun rasuwar mahaifiyarsu. Malamar makaranta ce a Tudun Jukun, mace mai kamun kai, kuma a danginsu ita ake ba haɗa lefe. Ba sana'arta ba ce, ido ne Allah ya ba ta da riƙon amana, har ana cewa lefen da Yaya ta haɗa ba ya dawowa da ƙorafi. Na ƙaninta kuwa ta daɗe tana tara shi a ɗakinta da kaɗan kaɗan. Wata rana ya je gidan ya ɗauko min hoton akwatunan don ya tsokane ni, sai idona ya sauka a kan wani leshi a gefe, mai manyan furanni da duwatsu. Ruwan albasar da nake nema ne sak.

Na ce masa shi nake so. Ya ce ba a taɓa lefe kafin a kai shi, kuma Yaya ba za ta yarda ba. Na ce ai nawa ne, ko yau ko gobe ni zan sa shi. Da ya ƙi, na ɗauki fushi, na daina ɗaga wayarsa, na aika masa cewa a fasa hoton gaba ɗaya. Sannan na kawo dabarar da a lokacin na ga babu wadda ta kai ta: ai yanzu ana sa ɗinkakkun kaya a lefe, don haka a ɗauko shi a ɗinka, in sa a yi hoto, a goge a mayar ƙasan akwati, shi kuma ya lallaɓa Yaya ya gaya mata daga baya. Ya gaji da ni ya ɗauko shi tana makaranta, bayan hoto ya mayar kamar yadda na tsara. Gaya matan ne bai yi ba. Ni ma ban sake tambayarsa ba, don ba na son jin amsar.

Abin takaici, da hotunan suka fito mai hoto ya wanke mu a na'ura mun yi fari tas, leshin ya koma wata kala daban, irin wadda na raina a rumfar farko ta kasuwar Tudun Wada. Na yi faɗa har muryata ta dushe, ya ce shi haka yake aikinsa. Duk da haka aka buga kati, ƙawaye suka ɗora hoton a wayoyinsu, dangi suka yi ta turawa juna. Kalar ta tafi, amma furannin nan da duwatsun suna nan raɗau, ko daga nesa ka gane su.

Ranar kawo lefe ina maƙwabta, kamar yadda aka saba amarya ba ta zama a wurin, don haka daga bakin Mama na ji yadda aka yi. Mata sun cika tsakar gida, Yaya da kanta take buɗe akwatuna tana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya, ana guɗa ana sa albarka. Da ta zo ƙasan akwatin ƙarshe sai ta ɗago leshin, ga shi riga da siket, har da ƙamshin humrata a jikinsa. Gwaggona, ƙanwar Baba, wadda bakinta ba shi da birki, ta miƙa hannu ta karɓa ta juya shi, ta ce, "Af, wannan ba shi ne na jikin kati ba? Mu dai ba a taɓa kawo mana kwance a lefe ba. Ko aronsa aka yi wurin yarinyar don akwati ya cika?"

Mama ta ce Yaya ta daɗe tana kallon rigar, sannan ta karɓa ta ninke ta a nutse ta ce, "Ni na bayar aka ɗinka saboda hoton. Kuskurena ne da ban sanar da ku ba, ku yi haƙuri." Ba ta san komai a kai ba, amma a take ta gane aikin waye, ta zaɓi ta ɗauka a kanta da ta tona ƙaninta da amaryarsa a gaban mutane. Abincin da aka kawo musu ba ta taɓa ba, tukwici ma wata ce ta karɓa a madadinta.

Da na dawo na gaya wa Mama gaskiya. Ta tashi, ta kira Gwaggo ta yi mata bayani, Gwaggo kuwa ta ce abin da idonta ya gani ta faɗa. Amma magana ta riga ta fita. Kafin biki an kai ta Tudun Jukun an ƙara mata gishiri, wai an cika akwati da tsofaffin kayan amarya, wai rabin lefen ma aro ne. Wa zan bi gida gida in warware wa? Wanda ya kamata ya tsaya ya ce shi ya ɗauka ya yi gum, kunya ta hana shi ko haɗa ido da yayarsa, kuma har yau in na tuna ina jin haushinsa, ko da yake na san ni na tura shi. Aka yi biki, kowa ya sha ruwan albasa, Yaya ta sa ankonta ta yi hidima kamar babu abin da ya faru. Da aka tashi auren wani ɗan baffansu, sai aka kai haɗa lefen wurin wata, wai a bar Yaya ta huta. Tun daga nan ba a sake ba ta ba.

Na je har gidan Yaya na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ya wuce, ta kawo min ruwa. Wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na ɗauka da gaske ya wuce, sai da na haihu ta zo barka da turmin atamfa. Ɗaki cike da mata, Gwaggo na zaune. Yaya ta warware atamfar ta nuna takardar da ke manne a jikinta, ta ce, "Gwaggo, a duba da kyau, sabuwa ce, almakashi bai taɓa ta ba." Ba da gatse ta faɗa ba, da gatse ne ma da na ji daɗi. Muryarta ta mai tsoron a sake kunyata ta ce. Na juya fuska bango na yi ta hawaye, mata suna cewa zafin haihuwa ne.

Abin da na koya shi ne, al'adar da nake gani kamar ɓata lokaci mutuncin wani ne a cikinta. Lefe nawa ne, gaskiya, amma kafin a kawo shi amana ce a hannun wadda ta haɗa, kuma sunanta ne ake buɗewa tare da akwatin. 'Yan'uwana masu shirin aure, in kalar ba ta samu ba ku sa wadda ta samu, kada ku matsa wa namiji ya taɓa abin da ba a ba ku ba tukuna, kuma duk dabarar da sai an ɓoye wa babba kafin ta yiwu, ku bar ta. Babban hoton da na yi wannan rigima dominsa yana bayan sif, fuskarsa na kallon bango, leshin kuma ban sake sa shi ba. Yau in ka tambayi mutanen unguwarmu kalar bikina babu mai tunawa, amma kowa ya tuna lefen da Yaya ta kawo.