Dakalin da Ya Ƙi Bushewa

Albarka magini ne a Gwandu, amma tun da ciwon gwiwa ya hana shi hawa sama ya bar gini ya koma faci. Dakali, daɓen shanya, bakin rijiya, duk inda siminti ya tsage daga Gwandu har Dalijan shi ake kira. Zai iso a kan tsohon babur ɗinsa, ya durƙusa da ƙyar, ya sa ƙarfe da guduma ya ƙara faɗaɗa tsagar. A nan mai gida kan fara salati. Shi kuwa ko a jikinsa. Sai ya share da tsintsiya, ya jiƙa wurin, ya ɗura kwaɓin siminti har ciki, ya shafe da cokalin gini.

Abin da ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya shi ne ban ruwa. Sabon faci yana son ruwa na 'yan kwanaki, in ba haka ba rana ta sake tsaga shi, kuma kowa zai ce ya ji, ya manta. Sai Albarka ya samo dabara: in ya gama, ya jera butoci a wurin, ya roƙi mutane su riƙa alwala a kai. Ita dai alwala ba mai mantawa da ita.

Bara wani tela, Abdulrasheed, ya kira shi. Mahaifiyarsa ta tafi aikin Hajji, kuma ba a tarbar Hajiya da ƙofar gida ba fenti, unguwa za ta yi da shi. Ga dakalin ƙofar gidan ya rabe biyu, mai fenti ya ce ba zai taɓa ba sai an gyara ya bushe ƙarau.

Albarka ya yi aikinsa, ya jera butoci. Tsofaffin da ke hira a wurin suka karɓi aikin lada hannu bibbiyu. Faci ya kama, ya yi ƙarfi. Da lokacin shanya ya yi, ya zo kwashe butocin, sai Baba Ɗalha, babbansu, ya dafe tasa.

"Ina za ka da ita?"

"Baba, ya ƙoshi. Yanzu rana yake so."

"Kai ka ce muna lada ce. Ladar ta ƙare ne?"

"Ba ta ƙare ba, amma fenti ba ya kama jiƙaƙƙen siminti. Zai kumbura ya ɓare."

"To, ya ɓare. Wanga wuri ba caɓi, ga inuwa. Da gemuna za ka maishe ni cikin taɓo?"

Kullum Albarka ya dawo sai ya tarar da dakali sharkaf. Aka fara jin jiragen alhazai suna sauka. Abdulrasheed ya daina cin abinci sosai, kuma ba shi da bakin korar abokan mahaifinsa.

Wata safiya Albarka ya tsallaka titi zuwa ƙofar Bawa mai injin niƙa, ya yi ta dube-dube a daɓensa har ya gano wata 'yar tsaga kamar zare. Ya sa guduma.

"Kai, Albarka! Wa ya kira ka?" in ji Bawa.

"Kyauta ce. Da damina za ka gode mini."

Ya buɗe ta, ya cike, sannan ya koma wurin tsofaffin yana girgiza kai.

"Baba, ga na Bawa can zai lalace. Ba shi da mai ba shi ruwa, bawan Allah."

Baba Ɗalha ya leƙa, ya ga can ma da inuwa. Ya ɗauki butarsa, sauran suka bi shi.

Dakali ya sha rana ya bushe, mai fenti ya shafa masa kore. Da motar Hajiya ta tsaya, a kansa ta fara zama ta huta kafin ta shiga gida. Bawa kuwa har yau da tsintsiya yake buɗe shago, yana korar ruwa.