Shekarar da Na Ɗaure Bakin Furen Kabewa

Bara saura kaɗan ƙungiyarmu ta matasan unguwa ta ƙone ƙudan zuman da suka sauka a tsamiyar gefen lambunmu. Abin da ya cece su ya faro ne daga murhun kakata, Iya Delu.

A gidanmu na Gagarawa, in an idar da magariba an ci tuwo, wajen murhunta muke taruwa kafin garwashi ya mutu. Mu jikoki ba mu wuce takwas ba, amma in ka ji hayaniyarmu sai ka rantse kasuwar Maigatari ce ta ci a tsakar gida. Ni take zaunarwa dab da ƙafarta, inda hannunta zai kai kunnena.

"Maigidana, matso," in ji ta. "To ga ta nan tafe, wanda ya yi gyangyaɗi ba na maimaita masa."

Tatsuniyar wani marowaci ce mai gonar kabewa. Kullum da safe yana ganin ƙudan zuma suna shiga fure, su fito ƙafafunsu duk rawaya. Ya ce wannan sata ce. Ya kai ƙara, alƙali ya ce shi ba ya shari'a da mai harbi. Sai marowacin ya samo zare ya ɗaure bakin kowane fure. Furanni suka bushe suka zube, ko kabewa ɗaya bai gani ba. Da ya je ba da haƙuri, uwar zuma ta ce su 'yan aike ne, saƙon wannan fure suke kai wa wancan, abin da ke ƙafarsu kuwa ladan aikensu ne.

"Iya, fure ai ba ya magana," na ce.

"Da kai ma haka kake, da mun huta."

Shekarata tara lokacin. Da damina Iya ta tafi Gumel taya gwaggona zaman jego, ta bar kabewarta ta haye danga. Na ce bari in gwada tatsuniyar nan in gani. Kullum da yamma sai in zare zaren tsohon buhu in ɗaure duk furen da ke shirin buɗewa. Ban tsallake ko ɗaya ba, ni da ban taɓa gama aikin makaranta ba.

Ta dawo ta tarar da ganye kamar daji, ga zare yana reto, babu kabewa. Ba ta dake ni ba. Maƙwabta suna ƙamshin miyar taushe, mu kuka muke sha, har na fara jin ganye na tsiro mini a kunne. In ta ajiye kwanona sai ta ce, "Maigidana, ga ta marowaci."

Yanzu shekarata goma sha bakwai. Aikin ƙungiyarmu yashe magudanar ruwa ne da sharar maƙabarta, sai lambun da muka yi kusa da burtsatse: kabewa, riɗi, zogale, da kasko mai ruwa da tsakuwoyi don ƙwari su sha ba su nutse ba. Ranar da zuma ta harbi shugabanmu, Yaya Sabo, leɓensa ya kumbura kamar burodi. Ya tara mu ya ce a kawo kara da ashana.

Na san in na fara da tatsuniya za a ce in zauna. Sai na tona wa kaina asiri, har da zaren buhu. Aka yi dariya har wani ya faɗo daga benci. Yaya Sabo bai iya dariyar ba saboda leɓe.

"Ƙanena, wata nawa kuka yi kuna shan kuka?"

"Har aka gama girbi, Yaya."

Ya dubi kabewar da muka yi wata biyu muna yi wa ban ruwa. "A ajiye ashanar. A kira Baba mai amya."

Tsohon, wanda kiwon zuma ne sana'arsa, ya kwashe su cikin amya ya rataya a can ƙarshen lambu.

Har yau ban yarda fure yana aika saƙo ba. Amma in an ce a hana ɗan aiken shiga, ni ba a yi da ni.