Uku Cikin Tara

Ni mutum ne da ke komawa ya taɓa kwaɗo sau biyu bayan ya kulle ƙofa. Matata ta sani, abokan aikina a warshar kafintoci da ke Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, ma sun sani, har tsokanata suke yi wai ina auna katako sau huɗu kafin in yanka. Duk da haka ga abin da ya same ni.

A lokacin muna zaune a Alsahafa. Baffa, ƙanen mahaifina, yana Umdurman, ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi. A ɗakinsa kwarin kakanmu yake rataye. Kakan nan maharbi ne, da ƙafa ya taho daga yamma zai tafi Makka, da ya dawo ya zauna a nan bakin kogin Nilu. Wata rana Baffa ya aika a kira ni. Ya sauko da kwarin ya zazzage a kan tabarma, sai gari da guntaye suka zubo. Gara ta cinye kyauron kibiyoyin gaba ɗaya. Ƙarafan kawai suka rage, guda tara, baƙi ƙirin, kowanne da kunnuwa biyu masu kaifi da siririyar wutsiya wadda ake cusawa cikin kyauro.

"Kai ne mai aikin itace a gidan nan," in ji shi. "Ka yi musu sabon jiki. Ba na so in bar kwarin babanmu fanko." Sai ya ƙara da cewa, "Uku a ciki suna da dafi."

Na janye hannuna. Na ɗaga murya na ce, "Baffa, waɗanne ne?"

"Wutsiya, ɗana, wutsiya," ya ce, yana ta kakkaɓe garin garar daga tabarma.

Na ɗauka cewa yake in riƙa kama su ta wutsiya kada in yanke. Na ji nauyin sake tambaya, don tsoho ba ya son a maimaita masa magana. Na naɗe su a tsumma na tafi.

Kyauro irin na ƙasar kakanmu ban same shi ba. Na zaga kasuwar katako, na duba gora, ta yi kauri ga gaɓoɓi. Na yanko rassan magarya, da suka bushe suka karkace. A ƙarshe na koma ga zan, katakon da muke ƙafafun kujera da shi. Na zauna cikin ragowar katakon warsha ina zaɓen wanda zarensa ya miƙe daga kai har gindi, ba ido, ba murɗa. Tsagawa na yi da kurfi maimakon zarto, don itace ya bi hanyarsa. Tsawon kuwa da zare na auno a jikin Baffa, daga ƙirjinsa zuwa kan yatsa.

Na fere kowanne ya zama mai gefe takwas, sannan na goge har ya zama kamar kara. Ina mirgina shi a kan gilashin taga, in ya yi tsalle ko kaɗan sai in gasa shi a kan garwashi in miƙar da shi a gwiwata. Ashirin da wani abu na fere kafin in yarda da tara. Wani abokin aikina ya tambaye ni ina gashin tsuntsun, na ce kibiyarmu ba ta da gashi, nauyin ƙarfe ne ke jan ta.

Matsalar ita ce kyauro yana da ɓargo mai laushi, wutsiyar ƙarfe takan shige da kanta. Katakon zan kuwa ba shi da wannan, sai an huda. Na farko da na cusa wa ƙarfe ya tsage nan take, sai da na fere wani. Na duba wutsiyoyin, duk sun yi tsatsa, wasu ma har da ɗan gantsaro kamar ɓera ya ciza. Na sa safar hannu, na ɗaure kowanne a matsi, na bi su da magagari har suka yi sumul. Na ji daɗin aikina ranar.

Ɗaurin na kai gida. Ranar Juma'a bayan shayin safe ina zaune a tsakar gida, ina naɗa jiƙaƙƙiyar jijiya a wuyan kibiya ta bakwai. Safar tana hana ni jin jijiyar, sai na cire ta, na ce ai na minti ɗaya ne. Ina ja da haƙori, matata ta yi kira daga bayan gida cewa ruwan famfo ya dawo. Na waiga. Jijiyar ta tsinke, kunnen kibiyar ya ja gindin babban yatsana.

Jinin bai kai a cika cokali ba. Na tsaya ina kallonsa. Uku cikin tara, abin da ke juyawa a kaina ke nan.

Matata ta zo da bokiti a hannu, ta ga fuskata ta ajiye shi. "Malam, mene ne?"

Na nuna mata. Ta san labarin dafin, don kwana nawa ina hana kowa zuwa kusa da tsumman.

"Tashi mu je asibiti."

"In ce musu me? Kibiyar kakana ta harbe ni? Za su tambaye ni wane dafi, ni kuma ban sani ba. Baffa ne kaɗai ya sani."

Na kira wayarsa, tana ta ƙara ba a ɗauka, ba ya jin ta. Na ɗaure damtsena tamau da igiyar shanya, na matse yatsan, na wanke da sabulu sau uku. Na zuba kibiyoyin a buhu. A bakin ƙofa na ce mata ta yafe mini duk abin da na yi mata. Ta ce, "Ka bari sai ka dawo, suna da yawa." Amma mayafinta a baibai ta yafa da ta raka ni titi.

Haflar Umdurman, ƙaramar motar haya, ba ta tashi sai ta cika. Na zauna kusa da taga, buhun a tsakanin ƙafafuna, ina roƙon Allah ya kawo fasinja. Da muka tashi hannuna ya fara nauyi. Kafin mu kai kubri, wato gadar kogi, yatsuna sun yi sanyi, sun soma canja launi. Na sa ɗayan hannun a ƙirji ina jin bugun zuciyata, sai in ji ta yi sauri, sai kuma in ji kamar ta tsallake ɗaya. A tsakiyar kubri wata mota ta mutu a gabanmu, muka tsaya cik. Ruwan Nilu yana wucewa a ƙasa, mutane suna fifita da kwali, wani yana ba da labarin ƙwallo. Ni kuwa ina ta kalmar shahada a ɓoye, ina kuma tsoron kada in faɗi a buɗe buhun, wani bawan Allah ya sa hannu ya yanke, alhakinsa ya hau kaina.

Daga tasha raksha na hau, keke mai ƙafa uku. Na tarar da Baffa a kan gadon igiya a inuwar darbejiya, yana yanke farce don masallaci. Ko gaisuwa ban gama ba na miƙa masa yatsan da kibiyar.

"Baffa, wannan ce ta yanke ni. Tana cikin ukun?"

Ya karɓi kibiyar. Ya kama wuyan ƙarfen da gefen rigarsa, ya murɗa ya zare shi daga itacen, ya bi wutsiyar da farcensa. Ya sake bi. Ya zaro wata daga buhun, ya zaro ta uku.

"Wa ya goge waɗannan?"

"Ni ne. Suna tsaga itacen."

"Tsaga biyu maƙerin ya yi wa masu dafi a wutsiya, don ranar da za a canja musu kyauro. Ban ce maka wutsiya ba?"

Gantsaron da na ɗauka cizon tsatsa ne, shi ne alamar. Na ce, "To baƙin da ke jikinta fa?"

"Duka taran babanmu ya shafa wa ƙaro da kunkunniya saboda tsatsa. Ido ba ya rabewa."

Ina jin kiran salla na farko daga nesa. Ya kamo hannuna ya juya shi, ya dubi igiyar da ta nutse a damtsena.

"Yaushe ta yanke ka?"

"Bayan shayin safe."

"Daga Alsahafa ka taho?"

"E, Baffa. Mun ma daɗe a kubri."

Ya ɗauki askar farcensa ya tsinke igiyar. Jini ya sauko hannuna kamar ana soka mini allurai, na ce shi ke nan dafin ya kai zuciya.

"Zauna, ɗana. Barewar da babanmu ya harba ba ta kai inuwa ta gaba. Dafinsa ba ya jiran hafla ta cika. Igiyar matarka ce ta kusa cin hannun nan."

Na zauna a ƙasa. Da na samu numfashi na ce, "To ba ta cikin ukun ke nan? Ko tana ciki, dafin ne ya mutu?"

"Ƙarfen ne ya sani, kai kuma ka rufe masa baki."

Ya sa aka kira matata a waya, sannan ya ja ni masallaci. Da yamma duk da haka na biya asibiti aka yi mini allurar tsatsa, na ce musu ƙarfe ne ya yanke ni, kuma ban yi ƙarya ba.

Mako biyu na ƙara a kan aikin. Na zare ƙarafan duka, na yi wa kowanne tsaga biyu a wutsiya, na cike gurbin da ƙaro don kada itacen ya tsage, na mayar na ɗaure. A gindin kowace kibiya, kusa da inda tsirkiya ke shiga, na naɗa jan zare don gargaɗi. Wannan karon safar ba ta bar hannuna ba.

Da na kai masa, Baffa ya mirgina su ɗaya bayan ɗaya a tafinsa, ya ɗora ɗaya a yatsa ya ga inda nauyinta ya tsaya, ya gyaɗa kai. Sai ya lura da zaren. Na gaya masa abin da na yi.

"Duka tara? Babanmu bai taɓa samun dafin da zai ishi tara ba. Ƙarya ka yi wa shida."

Na ce, "Baffa, a bar su haka."

Ya dube ni, ya dubi tabon da ke yatsana, ya zuba su cikin kwarin, kai ƙasa, ya ce in rataye masa a ƙusar sama inda hannu ba ya kaiwa.