Ludayin gero: cika ne ko mara?

Na shigo zaure na tarar da Babanmu da taubashinsa Kawu Manu, wanda ya zo daga Kebbe, sun tasa faifai a gaba suna jera ƙwayar gero biyu-biyu.

Ashe gardama ce ta sarƙe. Baba ya ce adadin geron da ke cikin ludayi guda cika ne. Kawu ya rantse mara ne, sai ƙwaya ɗaya ta rasa abokiya. Da yake lissafi nake koyarwa a Tambuwal, nan take suka naɗa ni alƙali.

Sun kusa gamawa, idanu duk sun yi ja, sai kazar matata ta faɗo zauren ta kai cafka ta fice.

Kawu ya dube ni. "Malam, nawa tac ci?"

Na ce ban gani ba. Amma in biyu ta ci, hukunci bai canza ba. In ɗaya ce, mai gaskiya ya koma maƙaryaci.

Baba ya miƙe. "To a yanka ta mu gani!"

Aka yanka. Muka tarar da cikinta maƙare da gero, ashe tun safe take gindin turmi tana kiwo.

Dattawan sun sha romo sun shirya abinsu. Ni kuwa har yau matata ba ta amsa gaisuwata.

Jama'a, tsakaninmu ukun nan wa zai biya kaza?