Yadda Jar Biro Ta Kai Injiniya Hawa Na Uku

Duk wanda ya taɓa zama a ajin Jar Biro, ko ya shekara talatin da barin makaranta, in ya ga jar tawada sai gabansa ya faɗi. Akwai wani likita da aka ce har yau ba ya sa hannu a takarda sai ya waiga. Ita Jar Biro malamar labarin ƙasa ce, gajera, mai faɗi, tafiyarta kamar ana tura kabad. 'Yar tela ce, uban nan nata da in ya yanka yadi ba ya barin ƙyallen da za a ɗaure yatsa. Wai tun tana 'yar shekara bakwai take ja wa ƙannenta layi da gawayi a tsakar gida, kowa da lokacin wasansa, kowa da lokacin kukansa. Mijinta tsohon direban bas ne, ya yi ritaya. Shi da bakinsa yake cewa tun da ya aure ta bai taɓa makara ba, bai kuma taɓa samun ra'ayi ba.

To mace irin wannan wa za a ba wa jadawalin darussa in ba ita ba? Shekara goma sha tara ita ke tsara wa malamai talatin da ɗaya wanda zai shiga wane aji, a wane lokaci. Saboda aikin aka ba ta wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala, inda da ake ajiye tsintsiya. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, fanka mai fiffike biyu. Amma yana da ƙofa, ƙofar tana da makulli, makullin yana cikin jakarta. A makarantar nan wanda ke da makulli sarki ne. Kuma dokarta ɗaya ce ba ta canjawa: babba shi ke fara zaɓen lokacinsa, a gangaro har kan ƙarami.

Sai aka kawo sabon mataimakin shugaba, malamin kimiyya, mai tumbi da agogo biyu, ɗaya a hannu ɗaya a waya, kullum yana gwada su. Ana ce masa Injiniya, don wata rana a tsohuwar makarantarsa takarda ta maƙale a firinta ya buɗe ya zaro ta, ya shekara uku yana ba da labarin. Teburinsa yana ɗakin malamai, dab da butar shayi, kowa ya zo zuba ruwa sai ya ɗiga masa a fayil. Tun ranar da ya ga Jar Biro ta murɗa makulli ta shige ɗakinta, barcinsa ya ragu.

Tana da laftof da makaranta ta ba ta shekara shida da suka wuce. Nauyinsa kamar dutsen niƙa, batirinsa ba ya kai minti ashirin, in ya yi zafi sai ya riƙa huci kamar tsohuwar mota a kan tudu. Amma nata ne. Wata safiya, saura mako biyu a fara sabon zango, Injiniya ya ƙwanƙwasa mata ƙofa da kwali a hammata.

"Mama, barka da hutawa. An ce in karɓi laftof ɗin nan, za a duba lafiyarsa."

Shekara huɗu kacal ta ba shi, amma Mama yake ce mata, don dai a ji.

"Wa ya ce maka ba shi da lafiya?"

"Ai ba a jira sai ciwo ya kwantar da mutum, Mama. Ga wannan ki riƙe. Ba shi da wahala ko kaɗan, jikata 'yar shekara uku ma tana sarrafa irinsa."

Ya buɗe kwali. Tabilet ne, cikin waɗanda aka kawo wa 'yan ajin reno, sanye da rigar roba koriya mai idanun kwaɗo biyu a sama. Washegari kowa ya ga laftof ɗin da aka kai asibiti a teburin Injiniya, ya ɗora shi kan nasa, lafiyarsa ƙalau. A taron malamai kuma ya miƙe ya ce zamani ya wuce ja da biro, jadawali yanzu aikin manhaja ne, manhajar kuwa ba ta hawa kan kwaɗo. Don haka a bar masa aikin, da ɗakin aikin. Shugaban makaranta mutum ne da ake kira To-Madalla, don ko gobara aka ce masa ta tashi abin da zai fara cewa ke nan. Ya ce to madalla, kowa ya kawo nasa nan da mako biyu, wanda malamai suka karɓa shi ke da makulli.

Jar Biro ta karɓi hukuncin ba gardama. Wannan shi ya tsorata waɗanda suka san ta. Ta sa kwaɗonta a jaka ta tafi gida, ta tarar da maigida yana wanke motar da ba ta tashi.

"Baban yara, yau nawa ga wata?"

Ya faɗa mata.

"Riƙe min ranar nan a kanka."

Ya dubi fuskarta, ya matse soso, ya ce, "Ko wane ne, Allah ya ba iyalinsa haƙuri."

Kwana ukun farko kwaɗo ya ci mata mutunci. In ta taɓa wurin rubutu, madannai su taso su cinye rabin gilashi. Yatsunta kuma ba na wasa ba ne, in ta nufi harafi ɗaya sai uku su amsa. Ta nemi ramin da za ta soka filashi, ta juya shi gaba da baya kamar mai sayen kaza, babu. Ta ɗan karkata shi, rubutu ya kwanta, ta miƙar da shi, rubutu ya tashi. Sau biyu yana rera mata waƙar koyon ƙirga a tsakiyar aiki. Ta ɗaga shi za ta maka da bango, sai ta tuna bangon ba shi ya yi mata laifi ba.

A rana ta huɗu tana goge shi da gefen mayafi sai ta ji wani abu a bayan rigar robar. Ta zaro: ɗan alƙalami ne na roba. Ta ja shi kan gilashi, layi ya fito. Ta taɓa wani ɗigo a gefe, layin ya koma ja. Maigida ya rantse dariyar da ta yi a lokacin, rabon da ya ji irinta tun ranar da maƙwabcinsu mai yi musu gori ya faɗa kwata.

Ta zana gidajen jadawali da hannunta, kwana biyar a tsaye, darasi takwas a kwance, aji bayan aji. A nan ta gano abin da laftof bai taɓa yi mata ba. Shi laftof ɗaure ta yake a tebur kusa da soket, sai dai a zo a same ta. Wannan kuwa batirinsa kwana biyu, nauyinsa bai kai littafin rajista ba. Ita za ta je ta sami mutane.

Kuma da yake doka doka ce, wajen babba ta fara zuwa. Lokacin hutun shayi, ɗakin malamai cike, ta tsaya gaban Injiniya ta miƙa masa kwaɗo da hannu biyu.

"Yallaɓai, kai ne babba. Zaɓi lokutanka ka sa hannu."

Ya dubi idanun kwaɗon, ya dubi jama'a, ya kece da dariya har tumbi na rawa.

"Mama, ni hannuna bai saba da kayan wasan yara ba."

Washegari ta dawo, lokaci ɗaya, wuri ɗaya. Ya ce ta ajiye masa, in ya sami lokaci zai kalli katun. Rana ta uku ta sake dawowa, har da ɗan rusunawa, ita da ko gaban To-Madalla ba ta rusunawa. Mai hankali da ya ga haka sai ya nemi ƙofa. Shi kuwa ko ɗago kai bai yi ba daga laftof ɗinta.

"Haba Mama, kin dame ni. Ki raba wa kowa, duk abin da ya rage ki zuba min. Ai ba da shi za a yi aiki ba."

Ta juya ta dubi ɗakin a hankali, kamar mai kiran suna.

"Kun dai ji ko?"

Aka ce an ji.

Daga nan ta bazama. Ta tare malamin lissafi a gindin matakala yana dafe da gwiwa, ta ce, "Malam, ƙasa zan bar ka zangon nan, taɓa nan." Ya sa hannu da yatsa yana sa mata albarka. Ta sami malamar Turanci mai goyo a bayan ɗakin karatu, ta buɗe mata sararin ƙarfe sha ɗaya don ta je ta shayar. Ta bi malamin wasanni har fili. Ta bi wani har inda yake fakin babur, ta ɗora masa kwaɗo a kan tanki. Mutanen da suka shekara suna sunkuyo a ƙofarta, yau ga Jar Biro da kanta tana tambayarsu abin da suke so. Wata har ƙwalla ta yi. Ba wanda ya lura cewa in yatsan mutum ya nufi darasin ƙarshe, sai ta ɗan janye tabilet ɗin ta ce, "A'a, kai da nisan gida? Ɗauki na safe."

Ranar taro Injiniya ya zo da laftof biyu da majigi da igiyoyi kamar zai ɗaura wa makaranta ƙarin ruwa. Gaskiya jadawalinsa ya yi kyau a bango, launi-launi. Sai dai ita manhaja ba ta san gwiwar kowa ba. Ta kai malamin lissafi hawa na uku, ta sauko da shi, ta sake mayar da shi, sau huɗu a yini. Ta jera wa mai goyo darasi biyar ba numfashi. Ta sa wasanni da tsakar rana. Ga wasu malamai biyu da suka shekara huɗu ba sa magana kan wani kofi da ya ɓata, ta haɗa su musayar aji a ƙofa ɗaya kullum.

"Yallaɓai, in kashe ni za ka yi ka faɗa min in yi wasiyya," in ji malamin lissafi.

"Jaririn kuma kai za ka shayar min da shi?" in ji malamar Turanci.

Ɗaki ya kaure. Injiniya yana cewa ai ana iya gyarawa, yana danne-danne, tsohon laftof ya hau huci.

Jar Biro ba ta tashi ba. Kwaɗo kawai ta miƙa wa na kusa da ita. Ya zaga hannu zuwa hannu, kowa ya buɗa da yatsa biyu ya ga lokacinsa, ya ga sa hannunsa a ƙasa. Wa zai yi musu da hannunsa? To-Madalla ya duba, ya ce to madalla, wannan karon da gaske. Makulli ya zauna a jakarsa ta da.

Sai a lokacin Injiniya ya karɓi abin wasan yara, ya riƙe shi da yatsa biyu yana neman sunansa. Bai sha wahala ba, da ja aka rubuta. Darasi biyun ƙarshe, Litinin zuwa Juma'a, lokacin da yara suka gaji suka koma aljanu. Hawa na uku, ajin ƙurya, wanda rana ke dukan tagarsa, janareta na ƙarƙashinsa, banɗaki na maƙwabtaka da shi. Ajin da ake kira Kasuwa, wanda ya taɓa sa wani malami barin koyarwa ya koma kiwon kifi. Ga ƙarin darasin farko na safiyar Litinin, a can saman dai.

"Ranka ya daɗe, wannan zalunci ne! Ni ne fa mataimaki!"

"Shi ya sa na fara zuwa wajenka, Yallaɓai," in ji ta, murya kamar zuma. "Sau uku. Ka ce abin da ya rage. Ni kuwa ban iya saɓa wa babba ba."

"Mun ji da kunnenmu!" in ji ɗaki gaba ɗaya, har da masu gabar kofi, karon farko da bakinsu ya zo ɗaya.

Da yamma ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙarƙashin matakala, laftof a rungume kamar jariri. Yau ba Mama.

"Malama, an gama duba shi. Ga kayanki. Dama na ce ko za a ɗan taɓa min ranar Alhamis."

"Mutum talatin sun sa hannu, Yallaɓai. In na taɓa Alhamis ɗinka sai na taɓa gwiwar wani. Shi kuma wannan ka riƙe, ba ni da wurin ajiye shi."

Tun daga ranar ba ta sake taɓa laftof ba. Tambayoyin jarrabawa, wasiƙun iyaye, taswirar da take nuna wa yara, duk a kan tabilet. Ta sayi ɗan madannai na ninkewa don dogon rubutu, ta koyi tura takarda zuwa firinta ba igiya, abin da Injiniya har yau bai gane yadda ake yi ba. An kawo mata baƙar riga ta manya ta sa wa tabilet ɗin, ta ce a bar mata kwaɗonta.

Abin da mutane ba su gano ba sai da zango ya fara shi ne inda ta sa kanta. Ita da ke da ikon zaɓar ajin ƙasa mai inuwa, ta ba wa kanta darasi biyun ƙarshe, Litinin zuwa Juma'a, a hawa na uku, ajin da ke jikin Kasuwa. Kullum sai ta riga shi hawa da minti biyar, ta tsaya a saman matakala tana haki a ɓoye, ta jira. Can sai ga tumbi ya ɓullo, ga gumi, ga jakar laftof tana ja masa kafaɗa.

"Sannu da hawa, Yallaɓai. Saura taki goma sha ɗaya."

Matakala sittin da shida ce, ita kuma shekararta hamsin da bakwai. Kafin mako na uku gwiwoyinta sun kumbura kamar an hura. Maigida yana shafa mata man zafi bayan ta dawo, yana girgiza kai.

"Malama, don Allah wa ake hukuntawa a nan? Shi ko ke? Ai da kin zauna a ƙasa labari zai iso miki."

Ta cije leɓe, ta miƙa masa ɗaya ƙafar.

"Labari? Ta bango nake jin yadda muryarsa ke shaƙewa in Kasuwa ta ci. Wannan ba a ba da saƙonsa. Shafa nan, saura mako tara."